Farantin da Aka Hana Ni Zubawa

Atlanta, watan Fabrairu

Zuwa ga Yayata Ozella,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Yaya sanyin Detroit, da kika zaɓa wa kanki ba wanda ya aike ki? Ki gaida mijinki Roscoe, amma kada ki kuskura ki ba shi takardar nan. Saboda shi ma na ƙi kiranki a waya. Kunnenki ya yi nauyi, sai ki buɗe muryar wayar duk gida na ji, shi kuma yana kan kujerarsa ya yi kamar barci yake, kafin Lahadi kaf cocinku sun san abin da na ci da safe.

Kin ga na rubuta Atlanta a sama. E, na kulle gidana na Demopolis, can Alabama, na hau bas na zo wurin Rennard. Ozella, ɗana ya lalace.

Tun Idin Godiya na watan Nuwamba abin yake cina. Ya zo gida, na gasa makaroni da cuku irin na Mama, na yanko masa kusurwar nan mai ƙanzo na ɗora a farantinsa, kamar yadda nake yi tun yana da haƙoran nono. Kin san ko marigayi babansa bai isa ya taɓa kusurwar nan ba. Yaron nan ya yi ta juya ta da cokali, ya kai ta gabas ya dawo da ita yamma, can ya ce, "Mama, na ƙoshi." Ka ƙoshi da me? Da iska? A gaban matar fasto fa ya yi mini haka. Na naɗe masa farantin don ya tafi da shi, bayan motarsa ta tashi na tarar da shi a kan kujerar baranda. Da Kirsimeti kuwa ko zuwa bai yi ba.

Yanzu da na zo na gan shi, duk ya zube, wando sai da ya huda wa bel sabon rami. Ba ya zama wuri ɗaya. Jiya ya kwance injin gasa burodi wai zai goge, ya bar shi a warwatse ya koma kan rediyo, yanzu ba burodi ba labarai. Magana kuwa kamar mai gwanjon shanu, ba ya jiran amsa.

Na zauna na yi nazari, na kuma gano bakin zaren. Kin tuna jikar Sista Earline da ta zo karatu garin nan, ta koma ba ta cin nama, ba ta cin ƙwai, ba ta shan madara, wai tausayin saniya take ji? To, ita ce cutar. Na tsare shi na ce, "Rennard, tsakaninka da Allah, ka shiga 'yan cin ganyen nan ne?" Ya dube ni, ya dubi Curtis, abokin nan nasa da suke zaune tare, ya ce da sauri, "E, Mama, haka ne." Curtis ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, gara ka ji kunya, kai ma da hannunka a ciki.

Ke shaida ce, na daɗe da gama kukana a kan cewa shi maza yake so. Na yi azumi, na yi addu'a har gwiwoyina suka yi kanta, Ubangiji bai canja shi ba, na ce to, ni wace ce da zan fi wanda ya halicce shi sani. Wannan na haɗiye. Amma ɗan da na haifa ya ƙi makaronin Mama saboda saniyar da bai taɓa haɗa ido da ita ba? Haba!

Duk da haka ban iya zuba ido ba. Na je wani kanti na sayo abin da suke kira cuku, wanda wai da kashu aka yi shi. Ozella, abin nan ba ya narkewa. Na gasa, na ƙara gasawa, yana nan yana kallona. Karen Curtis ya shinshina ya fita daga kicin. Rennard ma bai ci ba. In kika faɗa wa wani mahaluki na sa kashu a makaronin Mama, ni da ke sai a ranar shari'a.

Ki sa ni a addu'a. Ki riƙa shafa man nan a gwiwa, ki daina gardama da likita.

Taki ƙanwa,
Verlene

Atlanta, watan Maris

Yaya Ozella,

Ina gaishe ki, ina gaida Roscoe. Na ga amsarki, na kuma ga dariyar da kika yi mini kan kashu har shafi biyu. Ki gama dariyarki ki nemi wuri ki zauna, don ba maganar ganye ba ce.

Curtis ya ce in raka shi kanti. Da muka isa ya kashe mota bai fita ba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ce, "Misis Gaskin, ki yafe mini, Rennard ba ganye yake ci ba. Ba ya cin komai. Ƙwaya yake sha." Sunanta meth. Wata aba ce kamar fasasshen gilashi, ana zuƙar hayaƙinta. Na ce irin hodar da ta cinye mana ƙanenmu Booker? Ya ce ba ita ba ce, amma hanyarsu ɗaya. Ya ce a wuraren shagalin maza irinsu ake miƙa ta kamar alewa, da farko ta ɗauke wa mutum kunya da kaɗaici, ya ji shi ma mutum ne da ake so. Daga baya ta ɗauke barci, ta ɗauke yunwa, ta ɗauke aiki. Rennard ya daɗe da rasa aikinsa na kamfanin inshora, ni ina Demopolis ina cika baki a taron zumuntar mata. Na yi kuka a motar nan har Curtis ya rasa abin ba ni sai tsumman goge gilashi. Tsoro nake ji, Ozella. Na tsaya a bakin kabarin Booker sau ɗaya, ba zan iya tsayawa a na Rennard ba.

Da muka koma gida na ce masa, "Ɗan ganye, Curtis ya faɗa mini." Ya zauna a ƙasa ya sa kansa a cinyata, ya ce ya gaji. Ya yarda mu nemi taimako.

Sai muka je wani asibitin masu damuwar ƙwaƙwalwa. Aka haɗa mu da mai ba da shawara, wata yarinya Baturiya, mai fara'a, ba zan yi mata ƙazafi ba, zuciyarta fes. Amma ina shiga ta miƙo hannu ta ce, "Sannu, Verlene!" Gatsal. Yarinyar da na girmi uwarta! Kin san Mama ta ƙare ƙuruciyarta tana goge ɗakunan Turawa, 'ya'yansu masu majina suna kiranta da sunanta, ta rantse mu ba za a yi mana haka ba. Na ce, "Misis Gaskin." Ta ce, "Ayya, a nan duk ɗaya muke, Verlene." Na gyara zaman hulata.

Ta sa mu rufe ido wai mu yi tunanin muna bakin teku. Ni dai gas ɗin kicin na tuna, ko na kashe ko ban kashe ba. Rennard ya ce mata yana kewar kaɗa molon coci... a'a, piyano, kin san shi ne mai piyanonmu tun yana sakandare, har ranar da wancan tsohon faston ya yi wa'azi a kansa yana zaune a gaban jama'a. Ta ce in coci na sa shi baƙin ciki ai sai ya manta da coci kawai. Kamar takalmi ne da ya matse. Ta kuma ce uwar da ke zuwa gidan ɗanta da tukwane ba gayyata tana buƙatar a ja mata layi. Ni ke nan, ina zaune a gabanta.

Duk wannan na daure. Abin da ya tashe ni tsaye shi ne da Curtis ya tambaya me za mu yi in ƙwayar ta hau masa kai ya fara ganin ana binsa. Ta ce, "Sai ku kira 'yan sanda." Ozella, in kira 'yan sanda wa ɗana baƙar fata, dogo, ba ya cikin hayyacinsa? Na ce mata, "'Yata, Allah ya yi miki albarka, ke kin taso inda ɗan sanda ke sauko da mage daga bishiya." Na ɗauki jakata.

Rennard ya daure ya je taron masu jinya na wurin sau ɗaya. Shi kaɗai ne baƙi. Ana tashi wani ya bi shi waje ya tambaye shi a kunne ko yana da ta sayarwa. Ya dawo ya ce ba zai koma ba, ni kuma ban ce ya koma ba.

Ki yi mana addu'a da gaske, ba irin wadda kike yi kina kallon talabijin ba.

Taki,
Verlene

Atlanta, farkon Afrilu

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce gwiwa ta yi sauƙi. Roscoe ya daina cin soyayye, in ya ƙi ki ce ni na ce.

Mun sami wuri, kuma ba za ki yarda ba: shagon aski. Kin san masu askinmu ba sa buɗewa ran Litinin. To, ranar wani Mista Boykin yake aron shagon. Ƙwararre ne kan lafiyar ƙwaƙwalwa, da takardunsa na jami'a, baƙi ne, shi ma maza yake so, shi ma ya taɓa faɗawa ramin ƙwayar nan ya fito shekaru da yawa. Ya ce mazanmu gara su mutu da a gan su suna shiga asibitin ƙwaƙwalwa, amma ba mai tambayar namiji me ya kai shi wurin aski.

Na shiga ɗauke da tiren makaroni, don ban san yadda ake zuwa wurin mutane hannu rabbana ba. Mutumin nan ya miƙe tsaye, ya ce, "Misis Gaskin, sannu da zuwa, ga kujera mai laushi. Gaskin na wajen Demopolis? Kakata 'yar can ce." Kafin mu zauna mun gano kakarsa da Sista Earline 'yan maza zar ne. Na ce to, yanzu mun zo wurin mutane.

Maza ne kusan goma, duk irin Rennard, suna zazzaune kan kujerun aski suna juyawa. Boykin ya ce mai son addu'a ya sunkuya, wanda coci ya ji wa ciwo ya kalli silin, ba mai hararar wani. Tambayar farko da ya yi wa Rennard ba ta ƙwaya ba ce. Ya ce, "Ɗan'uwa, wa ke gasa makaroni a gidanku?" Rennard ya nuna ni. Ya ce, "Yaushe rabonka da ka ji ɗanɗanonsa?" Shi ke nan yaron nan ya fashe da kuka, ya yi ta magana, abubuwan da ni uwarsa ban taɓa ji ba. Lokacin da ya kai kan zancen da bai kamata uwa ta ji ba, Boykin ya ce mu iyali mu ɗan sha iska a waje. Har wannan ya sani.

Akwai wani Alonzo, ƙato, tsohon shugaban mawaƙan wani coci da suka kore shi, uwarsa ma ta daina ɗaga wayarsa. Shi ya daɗe da barin ƙwayar, yunwarsa ta dawo da 'yan rakiya. Tun da na shigo idonsa ke kan tiren. Da aka tashi ya ce, "Mama, ni dai maraya ne, kuma abin nan yana kiran sunana." Na ce, "Wanke hannu, ɗan nema." Ya ci ya lumshe ido ya ja wata waƙar yabo har mai wanki na maƙwabta ya leƙo.

Na ɗauki faranti zan zuba wa Rennard, sai Boykin ya ce a hankali, "Misis Gaskin, minti ɗaya." Ya ja ni wajen madubi. Ya ce ya san a wurinmu zuba wa mutum abinci shi ne "ina sonka," kakarsa ba ta taɓa faɗa masa da baki ba sai da ludayi. Amma ƙwayar nan tana kashe yunwa da harshe, kuma ko an daina suna daɗewa ba su dawo ba. Ya ce duk farantin da na cika na tura gaban Rennard jarrabawa ce da ya san zai faɗi, in ya faɗi kunya ta kama shi, kunyar kuma ita ke mayar da shi wurin ƙwaya. Ya ce, "Ba zan ce ki daina girki ba, ina son raina. Ki dafa, ki kawo duk Litinin, ki ciyar da marayun nan. Amma shi kada ki zuba masa, kada ki kalli bakinsa, kada ki ce 'ɗan taɓa.' Ranar da ya tashi ya zuba da kansa, ranar ce."

Na ce, "Mista Boykin, kana so in ga ɗana da faranti wayam in naɗe hannu? Ka fi Fir'auna." Ya yi dariya ya buɗe durowa ya ciro mini maficin coci, irin na kwali mai tallan gidan jana'iza a baya. Ya ce in hannuna ya fara ƙaiƙayi in yi fifita.

Ya haɗa Rennard da likita mai ba da maganin baƙin ciki, ya kuma ba mu lambarsa, ya ce in abu ya rikice shi za mu kira, shi da mazan nan su ne 'yan sandanmu. Ya ce kusurwa mai ƙanzo kuwa a bar ta a tire kullum, ta mai ita ce. Alonzo ya ce wannan zalunci ne, zai kai ƙara.

Tun ranar fifita nake yi, Ozella, a cikin sanyin nan. Mafici na biyu ke hannuna.

Ƙanwarki,
Verlene

Atlanta, bayan Ista

Yaya Ozella,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun.

Na karya dokar. Ran Ista na dafa komai, kaza, ganye da wuyan talotalo, burodin masara, makaroni. Rennard ya yi makonni bai taɓa ƙwayar ba, barci yake ta yi, fuskarsa ta fara dawowa. Muka zauna, farantinsa fari tas, sai ɗan burodi da yake mintsina. Na bar maficin a ɗaki. Na ce a raina yau Almasihu ya tashi, ai doka ma tana hutun idi. Ban san lokacin da na cika farantin nan har ya yi tozo ba, na ɗora kusurwar a sama, na ce, "Don Allah, ɗana, ko don ni." Ya kalli farantin, ya yi ƙoƙari, na ga yana ƙoƙari, loma ɗaya ta ƙi wucewa. Ya tashi ya sumbaci goshina ya ce zai sa mai a mota.

Kwanaki bai dawo ba.

Ba mu kira 'yan sanda ba. Mun kira Boykin. Kafin ki ce me, Alonzo da wasu biyu sun bazu a gari, sun san duk ramukan don sun taɓa kwana a ciki. Ni da Curtis muka zauna a kicin muna kallon waya. A nan na ga Curtis yana haɗiyar wasu ƙwayoyi a ɓoye, na kusa suma, na ce kai ma? Ashe maganin hawan jini ne. Mutumin nan shekara da shekaru yana ɗauke da ɗana shi kaɗai, yana biyan haya, yana wanke masa kaya, yana rufa masa asiri, jininsa ya hau har likita ya yi masa faɗa, ni kuma ina ta ɗura masa gishiri yana cewa na gode. Na ce, "Me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Misis Gaskin, wa ya isa ya ce miki a rage gishiri?" Na ce daga yau ya daina ce mini Misis Gaskin, ya ce Mama kamar kowa.

A wani ƙaramin otal Alonzo ya same shi, da ransa. Ya ce ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Fito, Ren, ba wanda zai yi maka wa'azi. Amma in ka sa Mama ta koma Alabama da tirenta, ni da kai ne." Rennard ya dawo ba ya iya kallon idona.

Na ce wa Boykin ni na jawo. Ya ce, "A'a, ƙwaya ce ta jawo, faranti ƙofa kawai ta samu a buɗe. Kusan duk mazan nan sun zame sun tashi. Abin dubawa, wannan karon da aka buga masa ƙofa ya buɗe." Sai ya miƙo mini sabon mafici, mai tallan gidan jana'izar shi ma, ya ce wannan na roba ne, ba ya karyewa.

Ran Lahadi ki miƙa mana buƙatar addu'a a cocinku, amma irin ta ɓoye, wadda ba a faɗin dalili. In Roscoe ya tambaya ki ce gwiwata ce.

Taki,
Verlene

Atlanta, watan Yuli

Zuwa ga Yayata Ozella,

Gaisuwa mai yawa da ƙauna. Ina fata zafi bai dame ku ba. Na gode da hular da kika aiko, ta yi mini kyau, ko da yake na san don ta yi miki yawa ne.

Tun Ista ban sake zuba masa ko ƙwayar shinkafa ba. Duk Litinin ina kai tire, in zuba wa kowa, in naɗe wa kowa na tafiya da shi, in zo kan ɗana in wuce. Kin san me ake ji? Sai in zauna in yi ta fifita ina karanta tallan gidan jana'izar nan, na haddace lambar wayarsu. Shi kuma yana zuwa taro, yana shan maganinsa, yana ɗan taɓa ayaba da shayi. Wani fasto abokin Boykin ya ba shi makullin cocinsu yana zuwa kaɗa piyano da rana in ba kowa. Kusurwar makaroni kuwa kullum sai ta kwana a tire ta bushe, Alonzo yana yi mata ta'aziyya.

To, Litinin da ta wuce. An tashi taro, ana ci, ana musu kan wanda askinsa ya fi muni. Alonzo ya share farantinsa, ya ƙara, ya share. Sai ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku shaida, wata da watanni ina kallon ana wulaƙanta ni'imar Allah. Yau zan ceci kusurwar nan." Ya kai cokali.

Daga can kujerar ƙarshe na ji murya: "Alonzo, in ka taɓa ta sai na karya maka hannu."

Kowa ya juya. Rennard ya tashi, ya ɗauki faranti da hannunsa, ya ture ƙaton nan gefe, ya yanki kusurwar, har ya kankare ƙanzon da ya manne a tire. Boykin ya kafe ni da ido, na gane, kada in kalli bakinsa. Na juya na kalli madubi. Ozella, shagon aski ne, ko'ina madubi! Ta ko'ina na juya ɗana nake gani yana tauna. Na yi fifita har hular da kika aiko ta karkace.

Ya cinye tas. Ya ajiye cokali, yana motsa baki, sai ya ce, "Mama, kin rage gishiri."

Alonzo ya dafe ƙirji ya ce, "Yesu, ka karɓi ran yaron nan, yau zai zo." Duk suka ja da baya da kujerunsu. Kin san da wani ne ya faɗa mini haka a gaban jama'a da sai an kira gidan jana'izar nan na jikin mafici.

Amma gaskiya ya faɗa. Tun Ista na rage, saboda jinin Curtis. Maza goma sun yi wata uku suna ci suna lashe cokali, ba wanda ya lura, har Alonzo mai waƙa. Ɗana ya ci sau ɗaya ya gane. Harshensa ya dawo, Ozella.

Na ce, "Gishirin ya yi daidai, marar kunya." Na shiga banɗakin shagon na kulle, na yi kuka tsakanin tsintsiya da buhun gashi har na gode wa Allah. Da na fito Curtis ya ce in mayar da gishirin yadda yake, shi zai haƙura. Na ce ba wanda ya tambaye shi.

Boykin ya ce kada in ɗauka an gama, hanya da saura, za a iya sake zamewa. Na sani. Maficina yana jaka. Amma ki faɗa wa kowa muna nan zuwa taron dangi a watan gobe, ki sa a ajiye mana wurin mutum huɗu: ni, da Rennard, da surukina Curtis, da Alonzo, don ya ce in aka bar shi zai bi mu a ƙafa. Ni zan gasa makaroni. Duk wanda ya ce ba haka Mama take yi ba, ki ce ya zo ya same ni. Kuma ki ja wa matan nan kunne tun yanzu, ke ma har da ke: ba mai zuba wa ɗana abinci. Shi zai zuba da kansa.

Ki gaida Roscoe. Wannan kam ki ba shi ya karanta.

Taki ƙanwa har kullum,
Verlene